Ruwan da Aka Ƙi Sha a Yangoji

Gari bai gama wayewa ba muka kama hanya, mu uku: ni, da wata baiwar Allah da zan riƙa kira baƙuwarmu, da 'yarta ƙarama da ke barci a bayanta. Masu karanta abin da nake rubutawa a nan sun san cewa ranakun aiki ina ma'aikatar gwamnati ina fama da fayil, ranar Asabar kuma ina taya wata 'yar ƙungiya da ke taimaka wa masu neman mafaka, wato mutanen da tashin hankali ya koro daga ƙasashensu, su sami abin yi, su kuma saba da jama'a. Ba wani babban aiki ne nawa ba. Faransanci na karanta a jami'a, saboda haka tafinta nake yi, wani lokaci kuma rakiya. Wannan karon rakiya aka ba ni, zuwa Yangoji, can gaba da Kwali a kan hanyar Lokoja.

Baƙuwar tamu daga Afirka ta Tsakiya ta fito. Ba ta taɓa faɗa mini abin da ya sami mijinta ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Tun zuwanta Abuja a wani kangon bene take kwana a bayan kasuwar Utako, inda maigadi ya ji tausayinsu ya bar musu kusurwa guda. To, kun san yadda garin nan ya koma. Kuɗi sun shigo, kowa ya tuna yana da kango. Mai ginin ya sauke yashi da bulo, ya ce ranar Litinin magina za su fara aiki, kowa ya kwashe tabarmarsa. Ni kuwa a gidan ƙanin mahaifina nake zaune, ba ni da ikon kawo kowa. Mun yi ta neman mata aiki a cikin gari, a shagunan ɗinki da gidajen abinci, da zarar an ji ba 'yar ƙasa ba ce sai a ce a bar lambar waya.

Direban ofishinmu na gwamnati ne ya buɗe mana ƙofa. Ɗan Yangoji ne, mahaifiyarsa ce shugabar matan da ke suyar garin rogo a can. Ɗaya daga cikinsu ta bi mijinta wani gari, suna neman hannu, kuma akwai ɗaki a gidan tsohuwar. Ba a yi mana alkawarin komai ba. Saƙon da ya kawo shi ne, Mama ta ce a kawo ta ta gan ta. A kan wannan 'yar maganar baƙuwarmu ta tattara duk abin da ta mallaka a jakar leda mai ratsi-ratsi, domin in Mama ta ce a'a, babu inda za ta mayar da jakar bayan Litinin.

Tashar Utako da sassafe duniya ce guda. Mai shayi ya hura wuta, ƙanshin ƙwai yana tashi, 'yan kamasho suna kiran Lokoja da Okene kamar masu rigima da garuruwan. Wani ya fizge jakarmu kafin in buɗe baki, ya cusa ta a bayan wata mota, sannan ya tambaye ni inda za mu. Da na ce Yangoji, direban motar ya dube ni ya ce, "Hajiya, kujera ba ta san inda mutum zai sauka ba." Ma'ana in biya kamar mai nisa. Na yi ciniki iyakar iyawata, wadda ba ta da yawa, aka rage mini abin da bai kai kuɗin shayi ba, na shiga ina jin na yi jarunta.

Muna jiran motar ta cika na maimaita wa baƙuwar darasin da muke koya wa duk wanda za mu kai neman aiki. Dokar tana da dalilinta. An sha kawo mana ƙorafi daga masu shaguna a cikin gari cewa mutanenmu ba aiki suke so ba, taimako suka zo nema. Akwai wani bawan Allah da muka tura wani kanti, mai kantin ya yi masa tayin abincin rana ya karɓa, daga baya ya bugo waya yana cewa mun aiko masa da mai ci. Tun daga nan shugabarmu ta ce, ranar farko kada a karɓi komai: ba abinci, ba kuɗin mota, ba tsohuwar riga. A zauna a miƙe, a yi godiya, a nuna aiki aka zo yi. Na faɗa mata da Faransanci, na kuma koya mata yadda za ta ce da Hausa, domin Hausarta kaɗan ce, irin ta kasuwa da ta tsinta a garinsu.

"Na gode, na ƙoshi," na ce.

"Na gode, na ƙoshi," ta ce, tana kallon bakina. Ta yi ta nanatawa a hankali har muka fita daga tasha, kamar mai tilawa.

Hanyar filin jirgi ana ta faɗaɗa ta, manyan motocin aiki sun jeru a gefe suna jiran rana. Daren jiya an yi ruwa, duwatsun da ke kewaye da gari sun yi kore, hazo ya kwanta a wuyansu kamar an yafa musu farin mayafi. Ina son Abuja a irin wannan sa'a, kafin ta farka ta fara tambayar mutum wane ne shi. Duk inda na waiga gini ne ke tashi, benaye masu gilashi, rukunin gidaje masu jan rufi da ba kowa a cikinsu tukuna. Na yi ta tunanin yawan ɗakunan da muka wuce, da matar da ke gefena wadda kusurwa ɗaya ta gagare ta. A Lugbe jama'a sun cika bakin titi suna tsayar da motocin shiga gari, ko da yake Asabar ce. Mu kaɗai ne kamar muke gudun birnin.

Bayan mahaɗar Giri muka tarar da shingen bincike. Ni da na saba, ban ma ɗaga kai ba sai da na ji an kama hannuna. Baƙuwar ce. Tana da takardar wucin gadi da ake ba masu neman mafaka, ba ta da laifin komai, amma jikinta bai san da wannan ba. Jami'in ya leƙo, ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan yarinyar da ta farka tana kallon hularsa. Na riga na shirya jawabi a bakina, da Turanci mai kyau. Sai kawai ya daki rufin motar ya ce wa direba, "Oga, wuce." Mun yi nisa sosai kafin ta sake ni, kuma shatin yatsunta ya daɗe a hannuna.

A Gwagwalada zafi ya tarye mu, kamar yadda ya saba taryar kowa. Direba ya tsaya shan mai, masu talla suka rufe tagogi: burodi, ayaba, dafaffen ƙwai, gyaɗa, ruwan leda. Wani mai maganin gargajiya ya saka kansa cikin motar ya fara lissafa cututtukan da a ganinsa muke ɗauke da su. Na sayi ayaba na miƙa wa yarinyar, uwar ta girgiza kai, ta ce mini cikin murmushi, "Na gode, na ƙoshi." Muka yi dariya, na ɗauka gwaji take yi. Yarinyar dai ta ci guda ɗaya, na kuma ji daɗi a raina cewa ɗalibata ta haddace karatu.

Daga nan ƙasa ta buɗe. Kunyoyin doya sun jeru kamar ƙananan ɗakuna, kowanne da sandarsa da ganye ya nannaɗe. Masara ta kai tsayin mutum, rogo ya yi duhu. Muka riƙa wuce matan Gbagyi, wato Gwari, da kayansu a kafaɗa, ba a ka ba, itace ko ƙwarya cike da doya, suna tafiya a ɗan karkace ba tare da gaggawa ba. Baƙuwar ta bi su da kallo har ta juya wuya. Tireloli kuwa suna wuce mu da gudu, duk wadda ta gifta sai motarmu ta yi rawa, ni kuma in karanta abin da ya zo bakina. Ina addu'ar hanya, rabin zuciyata na can wajen tsohuwar da ban taɓa gani ba, ina ƙera mata fuska ina rushewa.

An sauke mu a bakin titin Yangoji, tsakanin tulin doya da buhunan gawayi da kwalaben manja da aka jera a rana suna ƙyalli. Doyar da a kasuwar cikin gari sai ka yi shawara da zuciyarka kafin ka taya, a nan kashi-kashi ake sayar da ita, mai sayarwa har tana ƙara maka ƙarama a kai. Direban ofishinmu yana jiranmu a ƙarƙashin wata bishiya, cikin riga mai gajeren hannu da silifa. Da ƙyar na gane shi, domin ban taɓa ganinsa yana dariya da dukan haƙoransa ba. Ya ɗauki jakar, muka bi shi ta wata siririyar hanya tsakanin gidaje.

Warin ne ya fara iso mu, tsamin rogon da aka markaɗe aka danne a buhu, haɗe da hayaƙi. Ni na toshe hanci da gefen mayafi. Baƙuwar kuwa ta tsaya cak, ta ja numfashi, ta ce mini da Faransanci haka bayan ɗakin kakarta yake wari. Karo na farko ke nan da na ji ta ambaci gida ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Wurin aikin rumfa ce ta kwano, doguwa, babu bango. A gefe guda mata suna zaune a kewaye da tarin rogo suna fere shi da wuƙa, a tsakiya inji na markaɗe, a can ƙarshe manyan kasake a kan murhu, mata biyu suna juya gari da ɓarin ƙwarya, zufa na zuba. Daga inda muke tsaye ana hango wata ƙaramar coci, can bayanta kuma lasifikar masallaci a kan sanda. Mama ta taso daga bakin murhu, gajeruwa, kakkaura, da ɗan gicciye a wuyanta. Na saci kallon baƙuwarmu cikin hijabinta. Na san kaɗan daga irin rikicin da ya koro su, na san da sunan addini aka raba maƙwabta a can. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta.

"Sannu da zuwa, sannu da hanya," in ji Mama. Hausarta irin ta yankin ce, ba ruwanta da bambance mace da namiji. "Wannan ne baƙon? Ya rame. Ku zauna."

Ba mu kai ga zama ba ɗanta ya ja ni gefe. Ya ce ba a sauke mutumin wata ƙasa a gari ba tare da sanin mai gari ba, gara mu je mu gaishe shi tun bai fita gona ba, ita kuma ta huta a nan tare da mata. Na yi jinkiri. Ba na son barinta ba tafinta. Amma na ga ta zauna a kan benci a miƙe, ta ɗora 'yar a cinya, ta haɗa hannuwa, daidai yadda muka koya mata. Na ce a raina babu abin da zai faru.

Gidan mai gari yana da 'yar tafiya. Muka same shi a gindin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya, dattijo mai sanyin murya. Aka kawo mini ruwa a kofin silba na shanye, aka kawo dafaffiyar gyaɗa na yi ta ɓarewa ina bayani. Ya saurare ni har na gama, da duk kalmomin da muke amfani da su a taro, sannan ya yi tambaya ɗaya: wa zai tsaya mata? Na fara ambaton ƙungiya, ya ɗaga hannu. Ya ce ƙungiya ba ta kwana a garin nan. In tsohuwa ta karɓe ta a gidanta, shi ma ya karɓa, in ba ta karɓa ba, babu magana. Muka yi godiya muka taso. A hanya har ina rera waƙa a zuci, ina ganin rabin aiki ya ƙare.

Tun daga nesa na ji rumfar ta canza. Inji ya tsaya, hira ta mutu, ba ka jin komai sai ƙarar wuƙaƙe a jikin rogo. Baƙuwar tana nan inda na bar ta, a miƙe kamar an dasa ta. Yarinyar ta kifa fuska a ƙirjinta tana shessheƙa. A gabansu, a ƙasa, ga tire: kwanon doya da manja, ga kofin ruwa, ga jug na kunu, ƙudaje sun fara zagayawa. Ba wanda ya taɓa komai. Matan kowa ta duƙufa a kan aikinta, babu mai kallon wajen.

Mama ta yi wa ɗanta magana da yarensu, doguwa, ba ta ɗaga murya ba. Na ga dariyarsa ta ɗauke. Sannan ta juyo gare ni.

"'Yata, mayar da shi Abuja. Ba aiki."

Na ce, "Mama, me ya faru?"

"Na kawo ruwa, ya ce ya ƙoshi. Ruwa ma ana ƙoshi? Na ce to, mai kunya ne. Na kawo doya da zafi, na dafa da hannuna, ya ce ya ƙoshi. Yarinya ƙarami ya miƙa hannu, uwa ya janye hannun. A gaban mata duka." Ta nuna tiren da ɓarin ƙwaryar da ke hannunta. "Tukunyana yana da datti? Ko don ina zuwa coci?"

Na ce wallahi ba haka ba ne.

"Ga wannan," ta nuna wata mai ɗankwali a cikin masu fere rogo, "musulmi ne. Tun muna 'yan mata kwano ɗaya muke ci. Da azumi ni nake dama masa kunu. A nan rana ya yi tsaka, kowa ya sa hannu wuri ɗaya. Wanda ba zai ci nawa ba, yaya zai kwana a gidana?"

Na yi bayani. Na ce mu ne muka hana ta, dokar ƙungiyarmu ce, don kada a ɗauka roƙo ta zo yi. Ina magana ina jin yadda maganar ke fita ba daɗi, kamar uzurin da aka ƙirƙira a tsaye. Mama ta dube ni daga sama har ƙasa, da takalmina da jakata.

"Ku a Abuja kuna koya wa mutum ya ƙi abinci?" Ta yi 'yar dariya ba ta jin daɗi ba. "Kin iya magana, 'yar boko. Kina rufa masa asiri, ba laifi. Ku gaida gida."

Ta koma bakin murhu. Ɗanta ya sosa ƙeya ya ce mini a hankali, "Anti, in Mama ta juya baya haka, ko babanmu bai iya juyo da ita ba." Ya ɗauki jakar. Na yi wa baƙuwar alama ta taso.

Ban san yadda zan kwatanta muku wannan 'yar tafiyar komawa bakin titi ba. Rana ta take, ƙasa tana tururi bayan ruwan jiya. Ina tafiya ina jera wuraren da zan buga wa waya, kowanne na san amsarsa tun kafin in buga. Ina ganin yashin nan da bulo, ina ganin yarinyar nan a bakin kasuwa da dare. Baƙuwar na biye da ni. Da muka kai wani kwana inda rumfar ta ɓace mana, ta taɓa kafaɗata.

"Ƙanwata," ta ce da Faransanci, "ban faɗi kalmar daidai ba ne?"

Ƙarya ta zo mini har bakin harshe. Da sauƙi in ce mata sun riga sun ɗauki wata, ta tafi da mutuncinta, ni ma in tafi da nawa. Amma ta kafe ni da ido, irin kallon wanda aka sha ɓoye wa abubuwa a ofisoshi. Sai na faɗa mata duka, har maganar tukunya da ta coci.

Ta gyara goyonta. Yarinyar ta yi shiru a bayanta, tana tsotsar yatsa.

"A gidanmu, wanda ya ƙi abincinka ya zage ka," ta ce. "Na san wannan tun ina kamar 'yar nan. Da ta ajiye tiren, da ƙyar na hana kaina ci. Tun jiya da rana ba mu dafa komai ba. Amma kin ce ƙasarku ce, na ɗauka ku nan daban ne."

Ba ta jira amsata ba. Ta juya ta koma. Ni da direban muka dubi juna, muka bi ta, shi da jaka a kafaɗa, ni ina tuntuɓe.

Tiren yana nan, ba wanda ya ɗauke. Ta wuce bencin, ta je wajen bahon da mata ke wanke hannu, ta wanke nata ta wanke na 'yarta. Ta zauna a ƙasa dirshan, a cikin ɓawon rogo, ta jawo tiren. Ta ɗaga kofin ruwan ta yi bismilla a bayyane, ta sha rabi, ta ba yarinyar sauran. Sannan ta sa hannu a doya. Ta riga ta huce, manjan ya fara daskarewa, amma ta gutsura ta dangwala ta sa wa 'yar a baki, ta gutsura ta sa a nata. Wuƙaƙe suka rage sauri. Mama tana juya gari, bayanta na gare mu, sai dai na lura hannunta yana zagaya wuri ɗaya.

Ban taɓa kallon mutum yana cin abinci da irin wannan faɗuwar gaba ba. Ina tsaye a rana, na manta akwai inuwa. Ta ci ba gaggawa, ba ta ɗaga kai ba. Ta cinye doyar tas, ta suɗe kwanon da yatsa, ta tsiyaya kunu suka sha har jug ɗin ya koma wayam. Daga nan ta miƙe, ta ɗauki kwanon da hannu biyu, ta taka har bakin murhu, ta durƙusa a gefen tsohuwar, ta miƙa shi. Da 'yar Hausarta ta ce, "Mama, ƙara."

Mai ɗankwalin nan ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka ɗauka. Mama ba ta yi dariya ba. Ta dubi kwanon, ta dubi matar, ta dubi yarinyar da bakinta ya yi ja da manja.

"Ɗazu ya ƙoshi, yanzu zai cinye gidana," ta ce. Ta karɓi kwanon ta ajiye a gefe. "Ba doya kuma. Mai son ƙari ya fere rogo."

Ta zaro wata wuƙa daga jikin rumfar ta ajiye a ƙasa a gabanta. Matan suka matsa suka buɗe mata wuri. Na matso a tsorace na ce, "Mama, to ta zauna ke nan?"

"Ya zauna zuwa kasuwa mai zuwa. In hannu yana da sauri kamar baki, sai mu gani. In babu, ki zo ki ɗauki kayanki." Ta harare ni. "Ke kuma kin ƙoshi?"

Na ce a'a, Mama, yunwa nake ji. Aka kuwa zubo mini tuwon dawa da miyar karkashi, na ci a cikin warin da na toshe wa hanci da safe.

Ɗakin da aka nuna mata ƙarami ne, da buhuna ake ajiyewa a ciki, rufin yana da 'yar ɓula da rana ke leƙowa. Amma yana da ƙofa, ƙofar kuma tana da sakata. Ta yi ta buɗe sakatar tana rufewa. Sallamarmu ba ta yi tsawo ba, domin tana sauri ta koma wajen rogo kada a ce ta fara da lalaci. Na baro ta a cikin da'irar matan, tana fere rogon a hankali, a hankali ƙwarai in aka gwada da na kusa da ita, abin da ya sa na tafi da wata sabuwar fargabar.

Dawowa da la'asar na samu motar da ta fito daga Lokoja, aka matsa mini tsakanin wani mai kwandon busasshen kifi da wata mata da ta yi barci a kafaɗata tun kafin Kwali. Na sayi doya kashi guda don gida, ɗan kamasho ya ɗaure ta a but ɗin motar tare da akuyar wani. Hadari ya haɗo daga gabas, ya same mu a Gwagwalada, inda muka daɗe a cunkoso muna kallon ruwa yana wanke rumfunan masu talla. Ana kiran magariba na shiga gida, jikina duk hayaƙi, matar baffana tana tambaya ko gobara na je kashewa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai zo a shirye ba, har yanzu ina juya shi. Dokarmu ba don mugunta aka kafa ta ba, kuma a shagunan cikin gari wataƙila har gobe tana da amfani. Amma mun ɗauki tsoron da birni ya koya mana mun ɗora wa mace wadda ta zo da tarbiyyarta cikakkiya, muka sa ta ajiye abin da ta sani ta riƙe namu. Mun damu ƙwarai kada a ga mutanenmu suna karɓa, muka manta cewa akwai wuraren da ba za a yarda da kai ba sai an ga ka karɓa. Ni da na koyar da darasin, na sha ruwan mai gari na ci gyaɗarsa ko tunani ban yi ba. Ranar Asabar zan faɗa wa shugabarmu haka, ko da yake ban san da wace sabuwar doka za mu maye tsohuwar ba, ko ma a bar mutane su karanta gidan da suka shiga da idonsu.

Kasuwar da Mama ta ɗiba ba ta ci ba tukuna. Kullum na shiga ofis sai in tsaya daga nesa in karanci fuskar direban kafin in gaishe shi. Jiya na kasa haƙuri na tambaye shi. Ya ce ya yi waya da gida, Mama tana ta mita, wai baƙon nan ba shi da sauri, kafin ya fere ɗaya wasu sun fere uku. Ya buɗe ƙofar mota zai shiga, sai ya waiwayo ya ce, "Amma Mama ta aiko in sayo wa 'yar baƙuwar silifa in zan je gida. Ta ce ja, kada in kawo wani launi."